Sunanki bai fito ba: ina aka kwana kan girgam guda na masu neman tallafi?

Duk wadda ta taɓa rufe rumfarta, ko ta bar kaskon ƙosai a hannun ɗiyarta, ta je ta yini cikin rana a ƙofar mai gari ko a ofishin magajin gari tana jiran a kira ta, ta san ɗacin kalmomin nan huɗu: sunanki bai fito ba. Babu wanda za a yi faɗa da shi. Yaron da ke riƙe da takarda ba shi ya rubuta ta ba, daga Yamai ta zo, ko daga cikin kwamfutar wani furoje. Mai gari ya ce shi kam ya ba da sunan. Maƙwabciyarta, wadda aka rubuta su rana ɗaya a gindin itace ɗaya, ta karɓi nata ta ƙulle a bakin zane. Ita kuwa ta koma gida hannu rabbana, ga cinikin yini ya tafi, ga kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa.

Mun sha ganin haka a rabon cimaka na damina, mun gani bayan ambaliya, mun gani bayan gobarar kasuwa. Abin da ke fara zuwa bakin jama'a shi ne son kai, ko siyasa, ko an saida gurbin. Wani lokaci gaskiyarsu ne, ba mu rantse ma kowa ba. Amma in aka bi diddigin yadda ake rubuta sunayen nan, sai a tarar da wata matsala da ba a cika zancenta ba, wato takardun kansu ba su jitu da juna ba. Kowace ma'aikata da nata kundi, kowace ƙungiya da nata tambayoyi, kowane furoje da nashi kati. Mace ɗaya, cikin ledar da take ajiyewa ƙarƙashin katifa, za ka iske katin iyali, katin awon ciki, katin tamowa na yaro, katin wata ƙungiya da ta yi rabo shekara uku da suka wuce, da katin zaɓe. Biyar ke nan, kuma ba abin mamaki ba ne a ce babu biyu da suka rubuta sunanta iri ɗaya.

Maganin da hukumomi suka ɗauko shi ne girgam guda na iyalai masu ƙaramin ƙarfi, wanda ma'aikata ke kira RSU a taƙaice. Manufarsa ita ce a yi wa gida tambayoyi sau ɗaya, da takardar tambayoyi iri ɗaya, a ajiye amsoshin wuri ɗaya, ta yadda duk mai son ya taimaka, gomnati ce ko ƙungiya, zai ɗebo sunaye daga nan maimakon ya sake tara mutane a rana. A baki abin ya yi sauƙi. Bari mu duba inda wuyar take.

Tiya da tiya

Ƴan kasuwa ba su buƙatar a yi masu dogon bayani kan awo. Kowa ya san ana cewa tiya 40 ke cika buhun kilo 100, kuma kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Wata an bubbuga gindinta, wata an yi mata toliya, wata an shafe bakinta. Shi ya sa ma'aikatan SIMA, masu bin kasuwanni suna ɗaukar farashin hatsi da dawa da wake, sai sun maida tiya zuwa kilo kafin su iya cewa hatsi ya fi tsada a Tawa ko a Damagaram. In ba a yi haka ba, lambobin ba su gaya wa kowa komai.

To, bayanan mutane ma awo gare su, kuma tiyoyinsu sun fi na hatsi yawa.

Mu fara da suna. Sunayenmu da Hausa da Larabci muke kiransu, amma da rubutun Faransanci ake sa su a takarda, kuma kowane magatakarda da kunnensa. Suna ɗaya ya zama Mahamadou, Mahamane, Mamane, Mohamed. Wani ya zama Aïchatou, Aichatou, Aïssatou, Aïcha, alhali a gida Indo ake ce mata. Wannan ya rubuta mace da sunan ubanta, wancan ya rubuta ta da sunan mijinta, na uku ya tambaye ta, kunya ta hana ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari, sai wata ta kusa ta amsa mata da laƙabi. Ɗan Adam in ya ga takardun nan yana iya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta da wannan hankalin. Harafi ɗaya ya bambanta, ta ce mutum biyu ne, wani ya karɓa sau biyu. Ko kuma mata biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a gari ɗaya, ta ce maimaici ne, ta goge guda. Wadda aka goge ita ce mai komawa gida hannu rabbana.

Sai ranar haihuwa. Da yawa daga cikin iyayenmu, abin da ke kan takardarsu shi ne «vers 1965», wato wajajen shekarar. Kwamfuta kuwa tana son rana da wata, don haka sai a cika mata 1 ga Janairu. Ka buɗe wani kundi ka ga rabin gari an haife su ranar sabuwar shekara. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2006 ya nuna yara kusan 32 cikin 100 ne kaɗai aka yi wa rajistar haihuwa. Zuwa 2012 adadin ya kai 64 cikin 100. An ci gaba, amma waɗanda aka haifa kafin nan su ne manyan yau, su ne ke tsaye a layi.

Sunan gari ma haka. Sabon Gari nawa ne a ƙasar nan? Tunga nawa, Gidan wane nawa, Unguwal wane nawa? Ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da kundin garuruwa bayan ƙidayar 2012, mai nuna kowane gari da komin ɗinsa da gundumarsa. Amma in wata ƙungiya ba ta yi aiki da shi ba, ta rubuta sunan gari yadda direbanta ya ji, to an koma gidan jiya: wani Sabon Gari ya samu rabo biyu, wani ko ɗaya.

Tukunya nawa ke gidan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba gari. Masu ƙidaya sukan ce iyali shi ne mutanen da ke kwana gida ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin mai gida ɗaya. To gidan Malam mai mata uku fa, da ƙaninsa da matarsa a shiyya guda, da tsohuwarsu a ɗakin tsakiya? Da damina gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake buɗewa. Da rani maza sun tafi bida, Kano ko Legas ko Agadas, kowace mace ta koma kan gamanarta da ƴar sana'arta, tana ciyar da ɗiyanta. Wanda ya zo rubutu a watan Agusta zai ce gida ɗaya ne mai mutum 22. Wanda ya zo a watan Maris zai ce gida huɗu ne. Dukansu ba su yi ƙarya ba. Amma in tallafin na gida ne, ba na kai ba, bambancin ya zama kuɗi a hannu.

A babban shirin tallafin kuɗi na gomnati, mace ce ke karɓa, kuma a gidan mai mata da yawa galibi uwargida ce. Akwai hikima a ba mace, kowa ya san inda kuɗin cefane ke zuwa in sun shiga hannunta. Sai dai ba mu buƙatar gaya wa iyayenmu mata abin da ke biyo baya in amarya mai ɗiya biyar ba ta cikin takarda. Bazawarar da ta dawo gidan ubanta da yara uku, ita kuma a wace tukunya za a sa ta? Girgam guda ba zai kashe wannan gardama ba, amma aƙalla zai sa duk mai rubutu ya bi ƙa'ida ɗaya, kuma a rubuta kowane mutum na gidan da sunansa, maimakon a rubuta mai gida kaɗai a sa lamba a gefe.

Daga 2005 zuwa yau

Wanda ya ga 2005 bai manta ba. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a shekarar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. An fara da saida hatsi a farashi mai rahusa, sannan daga baya aka koma rabon kyauta. Da aka zo rabon, a wurare da dama abin da ke hannu shi ne takardun ƙidayar lanho. Nan fa aka yi ta. Mai gidan da ya rage mutanensa a takarda don lanho ya yi masa sauƙi, ya ga an auna masa cimaka daidai da abin da ya faɗa. Kundin da aka yi don karɓa daga hannun talaka, shi aka ɗauko don a ba shi, kuma bai dace da aikin ba.

Yunwar 2010 ta zo da sabon salo, rabon kuɗi maimakon hatsi. A jihar Tawa ƙungiyar Concern ta gwada aika kuɗin ta salula, ta hanyar Zap, cikin wani gwaji da ya shafi garuruwa 96, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar. Masu bincike sun tarar matan da suka karɓa ta salula sun rage tafiya da jiran layi, kuma abincin gidajensu ya fi gauraya. Amma a shekarun nan ƙungiyoyi sun yi yawa, kowace da adadin kuɗinta, da watanninta, da hanyarta ta zaɓen mutane. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi garuruwa sun rubuta abin da suka gani: zargi tsakanin maƙwabta, tuhumar masu gari, da garuruwan da bayan baƙi sun tafi ake tattara kuɗin a sake raba wa kowa, domin jama'a ba su gane dalilin da ya sa aka ɗauki wannan aka bar wancan ba.

A 2011 ƙasa ta amince da manufar kare marasa ƙarfi, kuma a shekarar aka soma babban shirin tallafi da kuɗin Bankin Duniya, dala miliyon 70, a jihohi biyar: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Tilaberi. Gida yana samun jika 10 kowane wata har wata 24. Kashi na biyu, mai suna Wadata Talaka, ya ɗaga kuɗin zuwa jika 15. Daga sunayen da waɗannan shirye-shirye suka tara ne aka samu harsashin girgam ɗin da muke zance.

Wa ya fi talauci?

Hanya biyu aka fi bi. Ta farko, a tara gari a kafa kwamiti, a kasa gidaje kashi huɗu: masu hali, masu dama-dama, talakawa, da talakawa futuk. Ita ƙungiyoyin agaji suka fi so lokacin da rumbu ya ƙare. Ta biyu, a aiko yara da takardar tambayoyi: rufin ɗaki na mene ne, bango na laka ne ko na kara, awaki nawa, akwai amalanke, ina ake ɗebo ruwa, mutum nawa ke gidan, mai gida ya yi lakkol? Kowace amsa da makinta, kwamfuta ta haɗa ta jera gidaje daga ƙasa zuwa sama, a ja layi inda kuɗi suka ƙare.

An gwada hanyoyin gefe da gefe a garuruwa fiye da 300 na ƙasar nan, sakamakon ya fito a 2018. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne, waɗanda ba su samu ba sun fi yarda da hukuncin takardar tambayoyi bisa ga na kwamitin gari, domin an ga wasu ƴan kwamiti na tura kansu da nasu. Mu dai ba mu yi mamaki sosai ba. Amma kada a ɗauka lissafin kwamfuta ba ya kuskure. Yana ganin rufin kwano, ba ya ganin cewa mai gidan da ya yi rufin ya rasu bara. Yana ganin akuya biyu, ba ya sanin na kiwo ne aka ba ta. Mai tuyar ƙosai da ke da salula da fitila mai batir tana iya fita daga layi, alhali jarinta duka bai kai jika 5 ba, kuma waken ma bashi ta ɗauko.

Ba rabon kuɗi kaɗai ba

Zancen ya wuce tallafin wata-wata. Tun 2006 gomnati ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, haka awon ciki, bayan fiɗar haihuwa da aka yafe tun 2005. To yaron da ba shi da takardar haihuwa, wa zai raba gardama in an ce ya wuce biyar? Manyan asibitoci suna da ofishin taimakon marasa galihu, amma kafin a rage wa mutum kuɗi sai ya kawo takardar shaidar rashin ƙarfi daga ofishin magajin gari, ga maras lafiya kwance. Naƙasassu, waɗanda ƙidayar 2012 ta ce sun kai kashi 4 cikin 100 na jama'a, da marayu, da tsofaffin da ba su da kowa, kowanensu sai ya sake ba da labarinsa daga farko a kowace ƙofa. Wanda ya taɓa zayyana talaucinsa gaban baƙo sau biyar a mako ɗaya ya san abin ba daɗi. In ma'aikacin da ya san zancen aka canza masa wurin aiki, sau da yawa zancen ya tafi da shi, sai a koma farko.

Ambaliyar 2024 ta ƙara nuna amfanin ajiya wuri guda. Alƙaluman gomnati sun ce ta shafi mutum kusan miliyon ɗaya da rabi, ta kashe kusan 400. Tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba, aka ɗaga komawa lakkol zuwa ƙarshen Oktoba domin azuzuwa cike suke da waɗanda gidajensu suka rushe. Ledar nan ta ƙarƙashin katifa, ruwa ya tafi da ita a gidaje da dama. Wanda bayaninsa ke cikin girgam ana iya nemo shi. Wanda nashi ke cikin leda kaɗai, sai ya nemo shaidu.

Yadda wasu suka yi

Ƙasar da aka fi misali da ita ita ce Barazil. Ta kafa girgam ɗinta, Cadastro Único, a 2001, kuma a kansa babban shirin Bolsa Família ya hau daga 2003. Abu biyu muka ga sun cancanci a duba. Na farko, ƙofa a buɗe take kullum: akwai ofishi a ƙaramar hukuma, duk ranar da hali ya canza mutum ya je da ƙafarsa ya yi rajista, ba sai ya jira ranar da mota za ta zo gari ba. Na biyu, dole kowane gida ya sabunta bayaninsa aƙalla sau ɗaya cikin wata 24. Da rajistar nan guda ake samun tallafin kuɗi, ragin kuɗin wutar lantarki, da yafe kuɗin jarrabawar shiga aikin gomnati. Kusa da mu, Senegal ta soma ba iyalai jika 25 kowane wata uku a 2013, ta kafa nata girgam a 2015.

Batun sabuntawa shi ne inda muka fi jin tsoro. Ƙidayar 2012 ta ba mu mutum miliyon 17 da ƴan kai, a lokacin muna ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Cikin shekara uku, an yi aure, an yi saki, an haihu, an rasu, mai shago ya karye, ɗan da ke Libiya ya fara aike ko ya daina. Girgam da aka rubuta sau ɗaya aka rufe kamar littafin bashi ne da ba a taɓa sokewa ba: wanda ya biya yana nan, wanda ya ci sabon bashi ba ya ciki. Sabuntawa kuma kuɗi ce, mota da mai da albashi. Mafi yawan kuɗin waɗannan ayyuka daga waje suka zo, kuma mun ga yadda Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi bayan juyin mulkin Yulin 2023. Abin da ƙasa ba ta sa a kasafinta ba, ranar da mai bayarwa ya ja hannu sai ya tsaya.

Lamba ɗaya, da haɗarinta

Maganin rikicin Aïchatou da Aïssatou shi ne lamba, wadda mutum zai riƙe shi kaɗai har ƙarshen ransa. Manyan ƴan kasuwa sun san irinta, lambar NIF da ma'aikatar haraji da duwan ke gane su da ita. A 2020 Nijar ta shiga shirin WURI na Afirka ta Yamma, mai niyyar ba duk wanda ke zaune a ƙasa lamba guda haɗe da hoto da zanen yatsu. A shekarar ne kuma aka yi girgam ɗin zaɓe mai ɗaukar yatsu, wanda ya tara mutum kusan miliyon bakwai da rabi.

Sai dai duk ƙofar da ta zama ita kaɗai, ranar da ta rufe babu ta biyu. Masu zuwa Jibiya da Katsina da Kano sun tuna watan Afrilun 2022, lokacin da Najeriya ta hana layukan salula fiye da miliyon 70 yin kira saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Wannan ciniki kaɗai ya taɓa. A Indiya, inda lambar Aadhaar ta game kusan kowa, abin ya taɓa tukunya. A 2017, a jihar Jharkhand, wata yarinya ƴar shekara 11 ta rasu bayan an soke katin abincin gidansu don ba a haɗa shi da lambar ba. Uwarta ta ce yunwa ce, hukuma ta ce zazzaɓin sauro ne, amma babu wanda ya musa cewa gidan ya yi watanni ba ya samun rabonsa. Can ma an ga na'ura na ƙin karanta yatsun tsofaffi da na masu aikin ƙarfi. Mu dubi hannun mai daka, mai wanki, mai matsar ƙuli-ƙuli, mai jan guga. In na'ura ta ƙi yatsa, tilas a samu wata hanyar shaida a wurin nan take, ko da shaidar mai gari da mutum biyu ce.

Wa zai gani?

Nan ne ƴan kasuwa suka fi ɗaga kunne, kuma ba mu ga laifinsu ba. Wanda aka tambaye shi awaki nawa, buhu nawa, cinikin nawa, abin da ke fara faɗo masa shi ne lanho da patanti. In jama'a suka zaci girgam ɗin tallafi zai bi ta ƙofar baya ya isa ofishin haraji, kowa zai rage, bayanin ya lalace, a koma abin da ya faru a 2005. Bayan haka, kundin marasa galihu ya ƙunshi abin da ya fi dukiya nauyi: wa ke da ciwon da yake ɓoyewa, wace yarinya ta haihu a gida, wa miji ya gudu ya bari. Ga kuma shekarar zaɓe, inda jerin sunayen mabuƙata da lambobin salularsu ke iya zama hajar saidawa.

Akwai doka. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, aka sake ta a 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don ta tsare ta. Jigonta shi ne, bayanin da aka karɓa don wani aiki ba a juya shi zuwa wani aikin daban, kuma mai bayanin yana da ikon ya ga abin da aka rubuta a kansa ya sa a gyara. Amma doka a Yamai take, mai tallar fura tana Gidan Runji ko Matamaye. In ba a buɗe wurin kai kuka a kowace komin ba, inda za a karɓi ƙorafi a ba mutum ƴar takarda mai lamba da ranar dawowa, to ikon nan na takarda ne kawai.

Mata sun riga kowa sanin yadda ake tsare irin wannan amana. Asusun Mata Masu Dubara, da ya soma a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama, ya tsaya ne a kan zubi iri ɗaya, rana ɗaya, a gaban kowa, ana faɗa da ƙarfi kowa na ji. Da yawansu ba su yi boko ba, amma dala ba ta ɓacewa. Abin da muke so a ɗauka daga gare su shi ne karanta jerin sunaye a bainar jama'a kafin ranar rabo, da sauran lokacin gyara. Sunaye kaɗai, ban da sirrin da ke bayansu.

Kafin mota ta zo

Mai shago da mai awo suna da nasu rabo a wannan zance ko da sunansu ba zai taɓa shiga ba. Kuɗin tallafi a kasuwar gari suke ƙarewa, wurin hatsi, mai, sabulu da biyan bashi. In an san wa zai samu da ranar da zai samu, mai shago na iya ba da bashi da kwanciyar hankali, mai sari ya san ranar da zai cika rumfa. In suna ya ɓace a hanya, bashin nan a littafinsa zai kwana.

Rajistar tallafi ba a biyan ko dala a kanta. Duk wanda ya ce Hajiya kawo na goro in sa ki, ko ya kira ta salula ya ce Inna faɗo mini lambar sirri in turo miki kuɗinki, ɓarawo ne. Layin salular da za a bayar ya kasance da sunan mai karɓa aka yi shi, domin in da sunan ɗa ko miji ne, ranar da ya yi tafiya da shi kuɗin sun bi shi. A zaɓi rubutun suna guda, wanda ke kan takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, a riƙa miƙa takardar ana kwafa maimakon a faɗa da baki.

Ga masu jego kuwa, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, a likita ko wurin mai riƙe da kundin gari, kuma kyauta ne. In wa'adin ya wuce sai da takardar alƙali, ko a jira ranar da alƙalai ke fitowa garuruwa. Ranar karɓar takardar, a tafi da ɗan lakkol ya karanta sunan yaro, na uba da na uwa, harafi bayan harafi, tun ana gaban tebur. In an riga an buga hatimi an rufe kundi, gyaran harafi ɗaya sai an bi ta gidan shari'a.